Mabuɗin Ɗakin Kwalaben Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a asibiti, hannunsa cikin hannun matarsa, wadda muke kira Mama. Ubangiji ya ba shi hutu. Ni ɗan ƙanwarsa ne. A wajen jana'iza an faɗi abubuwa da yawa a kansa. An ce dattijon ikkilisiya ne, an ce mai zumunci ne, an ce bai taɓa makara sujada ba. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya ambaci aikinsa. Kawu mai kyafa nama ne, kuma masanin ruwan inabin Italiya. Wannan aka tsallake kamar abin kunya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kwana uku gidansa na unguwar Edmonton a London a cike yake. Matan Zumunta na ikkilisiya suna falo suna waƙa. Maza suna tsaye har bakin ƙofa, kowa da rigar sanyinsa. Alhaji, maƙwabcinsa mai karanta labarai a rediyo, ya zo da abokan aikinsa su biyar. Ya zauna a ƙasa gaban Mama, ya cire tabarau ya ce, “Hajiya, Allah ya ba mu haƙuri. Shekara ashirin ina cin naman mutumin nan, ban taɓa ganin kwalba da idona ba, alhali na san suna nan.” Shi kaɗai ke kiran Mama Hajiya. Ta daɗe da daina gyara masa.

Wata Ba'italiya ta zo cikin baƙaƙen kaya, ta fi mu kuka. 'Yar tsohon ubangidan Kawu ce, mai gidan abincin da ya yi wa aiki a Marylebone shekara talatin. Ita ta ba mu labarin da ba mu sani ba. Ta ce wankin tukwane aka ɗauke shi. Wata rana aka ajiye buɗaɗɗiyar kwalba kusa da wurin wankinsa za a kai wa baƙi, sai ya ce kada a kai, ta lalace, warin jiƙaƙƙen buhu take yi. Aka yi masa dariya. Tsohon ya zo ya shinshina, ya kalle shi. Washegari ya raba shi da tukwane ya kai shi ɗakin ajiyar kwalabe. Ta ce har babanta ya mutu, in yana shakkar kwalba, hancin Kawu yake nema.

Ni kuma abin da na ji a makokin daban ne. Na shiga kicin ɗaukar kujera, mata biyu suna yanka albasa, ba su gan ni ba.

“Shi wancan fa, yanzu wa zai riƙe shi?”

“Ki bari kawai. Ba zai yi wata biyu ba zai koma ruwa.”

Da ni suke. A ranar Mama ta je ɗan ɗakin katakon da ke ƙarshen lambu, inda Kawu ke ajiye kwalabensa, ta kulle, ta ɗaure mabuɗin a haɓar zanenta. Ban ji haushi ba. Da ni ne ita, haka zan yi.

Ni mashayi ne. Shekara tara ke nan ban sha ba, amma mashayi ne. Abin da ya faru a ƙauyenmu ba zan faɗa a nan ba. Na fita da rigar jikina. Matata da 'ya'yana biyu ba su fita da rai ba. Daga nan burukutu ya zama abincina. Kawu ya yi ta fama da takardu har ya kawo ni London, yana ganin nisa zai yi magani. Bai yi ba. A nan kowane lungu akwai shagon giya.

Wata Asabar da safe ya tsince ni kwance a tashar bas, rigata duk amai. Mutane suna kauce mini. Ya tsaya a kaina da ledar gawayi a hannu. Na jira wa'azi. Sai ya ce, “Tashi. Wutata za ta mutu, ba ni da mai tsaro.”

Haka na fara.

Wani tsohon durom ne ya yanka ya yi masa murfi da bututu. Gawayi a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen, guntayen itacen tuffa a kan garwashi. Ya ce mini tsire wuta ke dafa shi, banda kuwa, wato kyafaffen nama, hayaƙi ne da haƙuri. Ƙirjin sa yakan yi awa goma. Ba a buɗe murfi don a leƙa. Hayaƙi in ya yi fari ya turnuƙe, nama zai yi ɗaci. Wanda ake so shi ne siriri mai shuɗi-shuɗi, wanda sai ka karkata kai kake ganinsa. In na ɗora itace da yawa sai ya bugi hannuna da matsefin nama ya ce, “Sauro kake kora?”

Doka ɗaya ya kafa mini. Mai tsaron wuta ba ya sha. Ni ne mai tsaron wuta, kullum.

Bayan wata shida ya yi abin da ya jawo masa magana. Ya zuba jan ruwan inabi kaɗan a kofin gilashi, ya juya shi, ya kawo ƙarƙashin hancina. Hannunsa ne ke riƙe, ba nawa ba.

“Me ka ji?”

“Giya.”

“Jaki. Sake.”

Na sake. Na ce giya. Ya ce jaki. Mun yi makonni a haka. Wata rana na ce, “Kamar ɗinya.” Ya ajiye kofin ya tafa hannu, ya ƙwala wa Mama kira, “Fito ki gani, jakin ya yi magana!” Italiyawa suna da nasu sunayen 'ya'yan itace da suke kwatanta ƙamshin da su. Kawu bai damu da su ba. Shi ɗinya yake cewa, da kanya, da tsamiya, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da fatar da ta fito daga majema. Ya ce hancin da ya girma a dajin gida ba ya bukatar aro.

Abin da ya koya mini ba shi da yawa, amma ya maimaita har ya zauna. Haƙarƙarin rago mai kitse yana son ruwan inabi mai tsami, irin wanda ake kira Barbera, domin ya wanke maiƙon daga baki. Ƙirjin sa da ya sha hayaƙi wuni guda yana son mai kauri, mai ɗan zaƙi-zaƙin dabino, Primitivo na kudancin ƙasar. Naman da aka turbuɗe da yaji kuwa, irin namu, mai ƙuli-ƙuli da citta da barkono, ba ya son manyan kwalabe. Yana son Lambrusco, ja ne mai kumfa, mara ƙarfi, ana sha da sanyi. Masu taƙama suna raina shi. Kawu ya ce su raina. Ya ce akwai ruwan inabi mai bauri, mai kama harshe kamar ɗanyen goro, to in ya haɗu da barkono faɗa suke yi a bakin mutum, kowa ya yi asara.

Na ce masa, “To ni da ba na ɗanɗanawa, ta yaya zan san na yi daidai?”

Ya ce, “Ka kalli hannun mai ci. In ya ci ya sha ya miƙa hannu wajen ruwa, ka ɓata. In ya miƙa wajen nama, ka gama aikinka.”

Fasto bai ji daɗin wannan ba. A ikkilisiyarmu ba a sha, kuma dama an daɗe ana gunaguni a kan aikin Kawu. Ya zo har gida ranar wata Lahadi bayan sujada, ya ƙi zama. Ina bakin durom ina jin su.

“Baba, da girmanka. Ka ɗauki mashayi ka zaunar da shi kusa da kwalba?”

“Fasto, daga nan zuwa tashar jirgi shaguna nawa ka wuce?”

“Ba wannan nake tambaya ba.”

“Ni shi nake amsawa. Garin nan duka kwalba ne. Ina zan ɓoye shi? A aljihuna? Gara ya koyi tsayawa kusa da ita ina raye.”

Fasto ya ce zai kai maganar gaban dattawa. Kawu ya ce ya kai, amma ya fara cin haƙarƙari tukuna, kada ya huce. Fasto ya ci a tsaye. Ya ƙara. Maganar ba ta je gaban dattawa ba.

Da Babbar Sallah gidan Kawu kan zama na Musulmi. In sun sauko idi daga masallacin Regent's Park sun karɓo naman layyarsu daga mahautan Turkawa, nan suke kawowa. Yana da wuƙaƙe da katakon yanka da bai taɓa bari wani abu ya taɓa ba sai irin wannan nama, kuma naman alade bai taɓa hawa durom ɗinsa ba. Tun ana gobe Sallah yake kwashe kowace kwalba ya kulle. Ya dafa zoɓo da kansa. Har zoɓon ma sai ya yi masa irin aikin da yake yi wa ruwan inabi: na haƙarƙari ya rage sukari ya bar tsami, na naman yaji ya sanyaya ƙwarai. Alhaji kan ce, “Dattijo, wannan zoɓon naka akwai ilmi a ciki, kada dai a ce ilmin ya biyo ta hanyar da ba ta dace ba.” Kawu ya ce, “Sha, Alhaji. Ilmin ne kawai ya biyo, ba ruwan ba.”

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, kuma ba ya iya ba da haƙuri. In ya yi wa Mama laifi sai ya kyafa mata kaza ya ajiye a kicin ya fita. 'Ya'yansa biyu da aka haifa a nan sun sha faɗa da shi a kan ba sa amsa masa da Hausa. Ya taɓa korar wani baƙo daga lambu saboda ya zuba lemon kwalba da ƙanƙara a cikin Barbera.

Faɗanmu ni da shi sau ɗaya ne. A shekarata ta biyu ne. Akwai baƙi, ana bikin suna, na kwashe kofuna na kai wanki. Wani ya bar rabin nasa. Ban yi tunani ba. Na ɗaga na shanye. Ina juyowa na ga Kawu a bakin ƙofa.

Ya ɗauki bokitin ruwa ya fita lambu, ya buɗe durom, ya sheƙa wa wutar. Nama bai nuna ba, mutum talatin suna jira. Ya ce musu, “Yau ba nama. Ku yi haƙuri.”

Bayan sun watse na tare shi. Na ce, “Ni na sha, me nama ya yi? Me baƙi suka yi?” Na ƙara da cewa, “Kai da ka ci abinci da ita shekara talatin, kai da kake shan kofinka duk Lahadi, kai ne za ka kunyata ni?” Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Ya ce, “Ba ni da mai tsaron wuta. To wuta ta mece ce?”

Wata biyu durom yana rufe, ruwan sama yana dukansa. Masu neman nama suna ta waya, har wani da ya yi booking ɗin bikin aure, Kawu ya ce an yi cancel. Bai kore ni ba, bai kira ni ba. Wata Asabar na je da asuba na kankare tsatsar, na hura wuta, na zauna. Ya leƙo ta taga. Can ya fito da nama a faranti ya ce, “Itacen ya yi yawa.” Shi ke nan sulhun.

Daga lokacin na lura ya daina shan kofinsa na Lahadi. In zai gwada kwalba sai ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a wani ƙaramin bokiti. Mutane suna dariya suna cewa, “Kawu, wannan ai asara ce!” Ya ce haka masu aikin ke yi. Ni na ɗauka likita ne ya hana shi saboda hawan jini.

Wata guda bayan rasuwarsa aka yi sujadar godiya, aka dawo gida cin abinci. Mama ta ce in kyafa nama kamar yadda ya saba. Na yi naman yaji, domin shi ya fi so. Ban tambayi mabuɗi ba. Wannan watan ya yi mini tsawo. Sau biyu na tsaya a ƙofar shago, na wuce.

Aka ci da zoɓo. Da la'asar ta yi Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, “To jama'a, mu za mu je salla. Ku fito da abin naku, na san ni kuke jira.” Fasto ma ya duba agogo ya tuna yana da wani taro. Aka rage 'yan gida da Ba'italiyar nan da wasu tsofaffin abokan aikin Kawu.

Babban ɗan Kawu, taubashina, ya je mota ya dawo da kwali. Lauya ne, mutumin kirki, yana son babansa fiye da yadda ya taɓa nuna masa. Ya fito da kwalba ya ɗaga ya ce wannan Barolo ne, sarkin ruwan inabin Italiya, babu na biyunsa, babansa bai cancanci abin da ya gaza wannan ba. Aka tafa. Mu haka muke: in za mu girmama mutum, mafi girma muke nema.

Na ce, “Ba zai tafi da wannan naman ba.”

Ya ce, “Yaya, please. Ba yau ba.”

“Yana da bauri. Naman yaji ne. Kawu ba zai yarda ba.”

Fuskarsa ta canza. Hausarsa takan fito ne in ransa ya ɓaci. Ya ce, “Kai ka fi ni sanin babana? Kai da ba ka ma sha?” Ya buɗe kwalbar, ya zuba, ya tura kofin cikin hannuna. “To ɗanɗana. Ɗanɗana ka gaya mini.”

Ƙanwarsa ta ce, “Stop it!” Ina ganin bai san abin da ya yi ba sai da ya gama yi. Matan nan biyu na kicin suna wurin. Mama tana zaune a kan kujerar Kawu, hannunta a kan haɓar zanenta.

Shekara tara ban riƙe cikakken kofi a hannuna ba. Kullum hannun Kawu ke riƙewa. Ba zan yi ƙarya ba, bakina ya kawo ruwa. Kuma ba wanda zai sheƙa wa wuta ruwa yanzu.

Na juya kofin yadda yake juyawa. Na kai hanci. Na ce, “Busasshen fure. Fata. Da ɗan kwalta. Abu ne mai kyau ƙwarai. Ka ajiye sauran, ranar da aka yi farfesun jelar sa mara barkono a buɗe.” Ba'italiyar ta rufe baki da hannu. Na mayar masa da kofin, na yanko nama inda yaji ya fi kamawa na ba shi. Na ce, “Ci. Ka sha.”

Ya ci. Ya sha. Ya yi ƙoƙari ya daure, amma ido ya kawo ruwa, ya yi tari. Hannunsa ya tafi wajen gorar ruwa.

Na je gaban Mama na durƙusa. Na ce, “Mama, a ba ni mabuɗi. Minti biyu.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kwance haɓar zanenta ta ba ni.

Ɗakin yana nan yadda ya bari, da hularsa a jikin ƙusa da ƙaramin bokitin nan a ƙasa. Ni kaɗai a ciki, kwalabe hagu da dama. Ban tsaya ba. Na buɗe ƙaramin firij ɗinsa na ɗauko Lambrusco biyu, na fito, na kulle.

Na zuba wa taubashina. Kumfa ta taso ja. Na sake yanka masa nama daga wuri ɗaya. Ya ci, ya sha. Ni hannunsa nake kallo. Ya tsaya kaɗan a sama, sai ya tafi wajen faranti ya ɗauki wata tsoka. Yana taunawa hawaye suna zuba. Ya ce, “Wannan ne ɗanɗanon gidanmu ranar Lahadi.” Can ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri.” Na ce ya ci nama kada ya huce. Na zuba wa sauran. Na zuba wa kaina zoɓo.

Da mutane suka ragu na kai wa Mama mabuɗin. Ba ta miƙo hannu ba.

Ta ce, “Ka san me ya sa Kawunka yake tofarwa a bokiti?”

Na ce likita.

Ta ce, “Wane likita? Ranar da ka ce masa yana shan kofinsa duk Lahadi, ya shigo ɗaki ya ce mini yaron nan ya faɗi gaskiya. Tun daga ranar bai sake haɗiyewa ba. Ya hana ni gaya maka.”

Na tsaya da mabuɗi a hannu.

Ta ce, “Riƙe. Zanena ya gaji da shi.”

Kawu, an faɗi sujadarka, an faɗi zumuncinka, ni kuma na faɗi aikinka. Ubangiji ya karɓe ka, ya ba Mama ƙarfi, ya sa mu gama lafiya kamar yadda ka gama. Mabuɗin yana wuyana a jikin igiya. Alhaji ya riga ya ce in tanadi itace, ragonsa na bana babba ne. Asabar da ta wuce na hura wuta. Na ɗora itace, na tsaya, na cire guda ɗaya.